Hular Saje Manasse

"Baba Nasidi, wannan kuma mece ce?"

Dorothy ta tsaya a bakin rumfar ta riƙe haɓa. Shi kuwa Malam Nasidi bai ga abin tambaya ba. Ya zare hular daga kan katakon da ta kwana a kai, ya ɗora ta a tafin hannu, ya juya ta hagu da dama yadda yake yi idan babban mutum ya zo karɓar kayansa. Hula ta miƙe tsaye ƙiƙam, gefenta sumul, samanta a baje, har wani ƙyalli take yi.

"Hular babanki ce mana," in ji shi. "Tun da kike, kin taɓa ganin ta yi kyau haka?"

Dorothy ta fashe da dariya har sai da ta dafa ginshiƙin rumfa. Can kuma dariyar ta maƙale mata. Ta dubi titi sama da ƙasa, ta rage murya.

"Rufe ta, Baba. Rufe ta mu je ka nuna masa da kanka. Ni dai ba zan iya ba."

Shekara talatin da ɗoriya ke nan Nasidi yana wankin hula a Galtimari, tun zuwansa Maiduguri daga Kano yana saurayi. A garin da magidanci zai iya fita ba takalmi amma ba zai fita kai sake ba, wannan sana'a ba ta wasa ba ce, shi ma bai taɓa ɗaukar ta da wasa ba. 'Yar Bama, damanga, tangaran, babu wadda ba ta bi ta hannunsa ba. Yakan yi taƙama cewa daga tsallaken titi zai dubi mutum ya faɗi lambar kansa, kuma abin haushin shi ne ba ya kuskure. Abu ɗaya ne bai taɓa wankewa ba, hular soja, irin ta ulun nan mai laushi da ake karkatawa gefe guda.

Shekaranjiya Dorothy ta kawo masa ita a cikin kular abinci, an rufe ruf kamar tuwo. Dole ta yi hakan. A shekarun nan duk wanda aka gani da wani abu na soja, ko da igiyar takalmi ce, ya shiga uku ta fuska biyu. Sojoji za su ce cikin yaran dajin nan masu tayar da ƙayar baya ne ya yi ɓad-da-kama, yaran dajin kuma za su ce ɗan rahoton soja ne. Hular ta mahaifinta ce, Saje Manasse, tsohon sojan yaƙin basasa, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Nasidi. Duk ranar sha biyar ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, Saje yakan sa ta, ya maƙala lambar jarumtarsa a ƙirji, ya tafi filin fareti. Shi yake wanke abarsa da hannunsa, ba ya bari kowa ya taɓa. Bana ne ciwon ƙirji ya kwantar da shi tun ƙarshen damina, hannuwansa suka koma rawa, sai 'yar tasa ta ɗauko hular ba da saninsa ba don ta rage masa wahala.

Da Nasidi ya buɗe kular ya gan ta a lanƙwashe, laɓe-laɓe kamar kunnen tunkiya, sai tausayi ya kama shi. Ashe haka bawan Allah yake fama shekara da shekaru, ga gwani a maƙwabta! Nan take ya ƙudura zai yi wa Saje aikin da ko kwamishina bai taɓa samu ba. Ya cire bajon, wato tambarin soja da ke gabanta, ya adana, ya wanke ta tas, ya shayar da ita sitaci har sau uku, ya ƙara da ruwan ƙaro, ya danna ta da ƙarfin tsiya a kan katakonsa mafi girma, ya bi ta da bugu. Don Allah ya yi, ba don wani abu ba.

Suka tarar da Saje a tsakar gida, ƙarƙashin dogonyaro, an lulluɓa masa bargo a kafaɗa. Dogon mutum ne, ciwo ya zuƙe shi, amma ko yanzu idan ya zauna bayansa ba ya taɓa jikin kujera.

"Mutumin Kano," ya ce, "yau da rana tsaka? An rasa masu dattin kai ne a gari?"

Nasidi ya buɗe kular ya miƙa masa. Saje ya leƙa ciki. Ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa, hula ta amsa kamar ƙwarya.

"Nasidi. Ni soja ne, ko Zanna za a naɗa ni?"

Dorothy ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Saje ya ɗauki hular da hannu biyu ya kifa a kai. Ta zarce, ta wuce goshi, ta rufe idanu, sai da karan hanci ya tare ta. Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Ya cire ta ya ɗora a cinya, yana shafa bakinta da babban yatsa.

"Ka yi haƙuri, Saje. Wallahi gyara na yi niyya. Zan nemo maka wata."

"A ina? Shiga kasuwa ka ce kana neman hular soja, mu ga ko za ka kwana a gidanka." Tari ya sarƙe shi, ya jira ya lafa. "Ko ɗari aka ba ka, babu wadda za ta zama wannan. Ba tawa ba ce, Nasidi. Ta Thomas ce."

Nasidi bai san wane ne Thomas ba, amma yadda sunan ya fito daga bakin tsohon ya ishe shi bayani. Jibi ne faretin. Likita ya riga ya gaya wa Dorothy gaskiya, ita kuma ta gaya wa matar Nasidi ta kan katanga, don haka gidajen biyu sun san wannan shi ne na ƙarshe. Ga shi kuma shi, mai cika baki da hula, ya lalata wa maƙwabcinsa guda ɗaya tak da ta dame shi a duniya. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Yanzu babu yadda za a yi?" ya tambaya.

"Akwai yadda muke yi wa sabuwa a bariki," in ji Saje. "A tsoma ta a ruwan zafi, a tsoma a na sanyi, a yi ta yi har ta tsuke. Sannan a sa ta a kai tana jiƙe, a ja ta, a kwantar da ita, a zauna da ita har ta bushe. Katakonka ba zai yi ba. Katako ba shi da kunne, ba shi da ƙeya. Sai kan mutum mai rai."

"To ba dai naka ba," Dorothy ta tare shi. "Jiƙaƙƙiyar hula yini guda, a sanyin nan, da wannan ƙirjin? Sai dai a fasa zuwa, Baba."

"Ke ce kwamanda yanzu?"

"Ni ce."

Nasidi ya matso kusa. Kan Saje yake kallo. Ya zagaya bayan kujerar, ya dawo ta gefe, kamar mai taya rago a kasuwa.

"Ashirin da biyu da rabi," ya ce. "Ƙeya ta ɗan fito, goshi a kwance." Ya cire tasa hular ya shafa kansa. "Irin nawa ne sak. Ni zan sa ta."

Saje ya ɗago ya dube shi. "Ka san abin da kake faɗa? Kai da ba soja ba, da hular soja a ka, a unguwar nan, bariki na ganinmu?"

"A cikin gidanka zan zauna. Wa zai gan ni?"

Da ƙarfin hali ya faɗi maganar. Amma da ya fito zaure, sai da ya leƙa titi hagu da dama kafin ya fita.

Washegari bai buɗe rumfa ba. Da hantsi Dorothy ta ɗora tukunya, ta ajiye bokitin ruwan randa a gefe. Nasidi ya naɗe hannun riga ya shiga tsomawa, zafi, sanyi, zafi, sanyi. Ruwa ya yi fari fat da sitaci, aka zubar, aka sake, har sau huɗu. Yana kallon aikinsa na kwana biyu yana bin kwata, kuma a faɗi gaskiya, sai da abin ya ɗan sosa masa rai, domin bugu ne aka yi na gani na faɗa. A hankali ulun ya saki, ya tattare, ya koma laushi. Saje ya karɓa ya mayar da bajon da hannuwansa masu rawa, ya hana kowa ya taya shi. Sannan Nasidi ya zauna a kan turmin da aka kifa, ya miƙa wuya.

"Bajo a saitin idon hagu," in ji Saje. "Hagu na ce. Yatsa biyu sama da gira. To, ja ragowar zuwa dama. Ja mana! Tsoronta kake ji? Kwantar da ita har ta taɓa kunne."

Ruwan sanyi ya gangaro ta ƙeya ya shige cikin rigar Nasidi. Ya saki atishawa.

"Soja ba ya atishawa a layi."

"Ni mai wanki ne, Saje."

"Yau kurtu ne kai. Miƙe bayanka."

Dorothy ta leƙo daga kicin, ta ga dattijo da farin gemu, da kaftani, da silifas, an karkata masa hula kamar mai shirin kama gari. Ta koma ciki da sauri, ana jin dariyarta tana haɗuwa da ƙarar tukwane.

Aikin ba wuya, sai dai haƙuri. Bini-bini sai ya sa tafin hannu ya shafe ta daga hagu zuwa dama don kada ta ɗago. Rana ta hau, inuwar dogonyaro ta matsa, suka ja kujera da turmi suka bi ta. Shekara ashirin suna maƙwabtaka, suna musayar naman layya da shinkafar Kirsimeti, suna gardamar ko Kano ko Borno wa ya fi iya hula, amma Nasidi bai taɓa tambayarsa labarin yaƙi ba. Yau da hular take kansa sai ya ga yana da ikon tambaya.

"Saje, wane ne Thomas?"

Tsohon ya gyara bargo.

"Garinmu ɗaya, can ƙasar Biu, a bakin kogin Hawul. Rana ɗaya muka shiga soja, layi ɗaya aka aske mana kai. Ni a ruwa na tashi, tun ina tsirara nake iyo. Shi kuwa tsoron ruwa yake ji kamar akuya. Shekarar farko ta yaƙi aka ce za mu tsallaka wani babban kogi a cikin jirage. Muna shirin shiga ya cusa hular nan a jakata, ya ce tasa jakar ta yage, in riƙe masa sai mun haye. Muka sa hular kwano muka shiga, shi jirgi daban, ni daban. Muna tsakiyar ruwa suka buɗe mana wuta. Ina gani nasu ya kife."

Ya mayar da numfashi. Nasidi ya shafe hular.

"Namu ya kai gaɓa. Na ajiye jaka da bindiga, na cire takalman but, na faɗa ruwa. Na kamo mutum ta wuyan riga, na ja shi har tudu, na juya fuskarsa. Ba Thomas ba. Na koma. Na jawo wani, na juya fuskarsa. Ba shi ba. Harsashi yana faɗuwa a ruwa kamar ana zuba tsakuwa, ni ban ma san ana yi ba. Sau tara, Nasidi. Na taran wani Laftana ne, shi ya rubuta sunana. Bayan an gama yaƙi aka tara bataliya, aka karanta takarda da Turanci, wai Kofur Manasse ya sayar da ransa saboda ƙasa. Wace ƙasa? Ni abokina nake nema. Gaskiyar Allah, da shi na fara kamowa, da ban koma ba."

"Ba a same shi ba?"

"Ruwa ya riƙe shi."

Nasidi ya gyara zama a kan turmin. Can ya ce, "Amma taran nan, ai yanzu sun yi 'ya'ya da jikoki."

Sai fuskar Saje ta saki. "Ɗaya ya neme ni har nan. Daga Gusau, da jikoki cike da mota. Alhaji ne yanzu, da tumbinsa. Ya rungume ni yana kuka a gaban mutane, ya ba ni kunya." Ya yi 'yar dariya. "Na daɗe ina jin nauyin lambar nan, kamar na sato ta. Yanzu na daina. Ubangiji ya ga wawa yana neman mutum ɗaya, ya yi aikin tara da shi. Ni ban da ƙorafi. Na ci, na sha, na aurar, na ga jikoki. Lambar tawa ce, hular tasa. Duk shekara tare muke zuwa."

Aka kira azahar daga masallacin layi. Nasidi ya dubi Saje.

"Je ka," in ji tsohon. "Wanda ya kira ka ya fi kowane Janar. Amma ɗaga ta a hankali in za ka shafi kai. In ka yi sujada kuma, goshi za ka sa a ƙasa, ba bajo ba."

Dorothy ta kawo buta, ta shimfiɗa masa tabarmar da take ajiye wa baƙi Musulmi. Ya yi sallarsa a tsanake. Ya idar yana zaune yana jan carbi, bayansa ga ƙofa, sai mai ruwa ya turo ƙyaure da jarkoki biyu kamar yadda ya saba. Ya ga mutum ta baya, da carbi, da hular soja, a gidan Kirista. Ya dire jarkokin a hankali ya fita da baya, ko sallama bai yi ba. Babu wanda ya lura sai kaji.

Ba a fi minti goma ba aka banko ƙofa.

"Kowa hannu sama!"

'Yan gora ne, mutanen unguwa da suka tashi da sanduna da adduna suna gadin layukansu tun da abin ya ishi kowa. Su biyar, shugabansu Ajimi mai walda a gaba. Nasidi ya saki carbi. Hannunsa na dama ya tafi kai da kansa zai fizge hular.

"Kar ka taɓa!" Muryar da ta fito daga ƙirjin Saje ba ta mara lafiya ba ce. "Saura kaɗan ta bushe."

Hannun ya tsaya a iska. Nasidi ya san in ya damƙe ta yanzu da sauran damshi, ta cukurkuɗe ke nan, kuma babu wani yinin da ya rage. Ya kuma san abin da gora take yi wa ƙeyar mutum. Ya ɗaga hannuwan biyu sama, ya runtse ido, ya kama kalmar shahada a zuci, ya bar hular inda take.

"Juyo a hankali."

Ya juyo a kan gwiwoyinsa.

"La'ilaha illallahu!" Ajimi ya sauke gorarsa, ya kira shi yadda Barebari suke kiran dattijo. "Ba Nasidi? Kai ne?"

"Ni ne, Ajimi."

"Ni an ce min kwamanda ya shigo unguwa da carbi. Ashe mai wanke min hula ne! Hulunana biyu suna rumfarka tun makon jiya, ina ta jira, ashe soja ka shiga."

Mutanensa suka bushe da dariya, ɗaya har ya zauna a kan jarkar mai ruwa. Ajimi ya durƙusa gaban tsohon, ya gaishe shi da Barbarci.

"Wushe, Ba Saje. Yaya jiki?" Sai kuma ya ɗaure fuska. "Amma wannan wasa ba kyau. Mai ruwa wurina ya zo. Da bariki ya nufa, da yanzu wata magana ake yi."

Saje ya yi masa bayani a taƙaice, ban da labarin kogi. Ajimi ya saurara yana kallon Nasidi, wanda har yanzu hannuwansa suke sama don babu wanda ya ce ya sauke.

"Sauke hannu, Ba Nasidi, yaƙi ya ƙare." Ya miƙe. "Zan bar mutum ɗaya a ƙofa har ta bushe. Gobe kuma da me za ku je? Shingaye bakwai ne tsakanin nan da filin."

"Allah zai kawo keke mai ƙafa uku," in ji Dorothy.

"Ya kawo. Ƙanina yana da shi. Ni zan zauna a gaba, sun san fuskata."

Da la'asar sakaliya Nasidi ya taɓa hular ya ji ta bushe ƙarau. Ya sa hannu biyu ya ɗaga ta kamar mai ɗauke ƙwai daga ƙarƙashin kaza. Ta fito da siffarta, hagu a tsaye, dama a kwance. Ya ɗora wa Saje, Dorothy ta riƙe madubi. Hula ta sauka ta tsaya daidai yatsa biyu sama da gira, kamar ba ta taɓa barin wurin ba. Tsohon ya juya kai hagu, ya juya dama.

"Ta zauna," ya ce. "Mutumin Kano, ashe kan nan naka yana da amfani."

Manyan mutane sun sha yaba wa Nasidi aiki, wani har daga Abuja yake aiko da huluna, amma bai taɓa jin daɗin yabo irin wannan ba. Ya koma gida kansa na sara, hancinsa na yoyo, zuciyarsa fari ƙal.

Ranar sha biyar, ƙarfe takwas na safe, keke ya tsaya a ƙofar gida. Saje ya fito da baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci, wadda yanzu ta yi masa yawa, lambar tana reto a ƙirji. Aka sa shi a tsakiya, Dorothy a hagunsa, Nasidi a damansa, Ajimi ya raɓa kusa da ƙaninsa a gaba. A kowane shinge Ajimi ne yake sauka ya yi magana, sojan ya leƙo, ya ga hula da lamba, ya ɗaga musu hannu.

Tsofaffin sojojin da suka zo ba su kai ashirin ba. Wani da sanda, wani a keken guragu, wani jikarsa ce take ja masa gora. Suna ganin Saje suka hau yi masa tsiya, wai sun ji an ce ya mutu tun bara. Ya ce su ne za su riga shi. Aka yi jawabai masu tsawo, manya suka ajiye furanni. Da aka harba bindigogin ban girma Nasidi ya zabura har hularsa ta kusa faɗuwa, domin a garin nan kunne ya riga ya koyi wata fassarar. Saje ko gezau.

Sai mai bigila ya fito ya busa, fili ya yi tsit. Nasidi da Dorothy suka kama Saje ta hammata suka tsayar da shi. Ya girgiza kafaɗu.

"Ku sake ni."

Suka sake shi, amma hannuwansu suna kusa. Ya haɗa dugadugai ya ƙame. Hannun nan da ba ya iya riƙe kofin shayi ya tashi a hankali ya tsaya a gefen hula, bai yi rawa ba. Nasidi yana kusa, ya ga leɓɓansa sun motsa sau ɗaya, kuma ya san sunan da suka kira. Har aka gama shirun tsohon bai jingina da kowa ba. Hawaye ya zubo wa Nasidi, ya bar shi ya bi gemu, bai ji kunyar kowa ba.

A hanyar dawowa Saje ya fi kowa surutu. Ya ce masu faretin bana ƙafafunsu ba sa tashi, a zamaninsu da an kwana ana tsallen kwaɗo. Ya ce mai bigilar dai ya iya. Ya tambayi Ajimi yaushe zai ƙara aure, Ajimi ya ce sai an buɗe hanyar Damboa, wadda ta yi shekara da shekaru a rufe.

"Dorothy, yunwa nake ji," ya ce. "Yau tuwon dawa nake so, da miyar yakuwa. Ki sa gyaɗa da yawa. Ki yi da Nasidi."

"To, Baba." Murna ta kama ta, rabonsa da neman abinci da bakinsa an fi wata.

"Na gaji kaɗan," ya ce. Ya kwantar da kansa a kafaɗar Nasidi.

Suka wuce shinge na biyar, suka wuce na shida. Nasidi yana jin numfashin tsohon a wuyansa, ɗumi-ɗumi, yana zuwa yana komawa. Wajen gidan man da aka rufe ya ji ya zo, ya koma, ya jira, bai sake zuwa ba. Nauyin da ke kafaɗarsa ya canja. Ya yi ta jira har suka wuce masu sayar da itace.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

Ya dubi Dorothy ta saman hular. Ita ma shi take kallo. Yatsunta biyu suna kan wuyan hannun mahaifinta, ta riga shi sani. Ba ta yi kururuwa ba. Ta ɗauki hannun ta rungume a ƙirjinta, ta sunkuyar da kai tana addu'a, hawaye na ɗiga a kan hannun kwat ɗin.

A shinge na ƙarshe sojan ya leƙo. "Baba ya yi barci?"

"Ya gaji," in ji Nasidi.

Sojan ya ja baya ya sara masa, ya ɗage musu shingen ba tare da ya ce kowa ya sauka ba.

Daga nan kwalta ta ƙare, aka shiga rairayin Galtimari da ramukansa. Keke ya faɗa rami na farko, kan Saje ya girgiza, hular ta fara zamewa. Nasidi ya sa tafin hannu ya tare ta.

"Bi a hankali, ɗana," ya ce wa direban.

Ajimi ya waiwayo da wata tsokanar a bakinsa. Ya dubi Dorothy, ya dubi Nasidi, ya haɗiye maganar. Ya taɓa kafaɗar ƙaninsa ya yi masa magana da Barbarci. Ƙanin ya kashe injin. Su biyun suka sauka, ɗaya ya kama sitiyari daga waje, ɗaya ya koma baya ya sa kafaɗa.

Haka suka shigo layin, ba ƙara, tayoyi suna nutsewa a rairayi suna fitowa. Matar da ke suyar awara a bakin hanya ta janye kaskonta ta ba su wuri. Wani mai shago ya ajiye mudun da ke hannunsa, ya fito ya sa nasa hannun a jikin keken, wani ma ya biyo shi.